Buhun Saƙon Kurmi

Bari in fara da wautata tun kafin wani ya riga ni faɗinta, don akwai wani tsoho a Malbaza da zai karanta wanga rubutu da jan alƙalami a hannu. Shekara kusan arba'in na yi ina gaya wa mutane na taka Kurmi ƙafa da ƙafa. Kurmi dai ita ce ƙasashen kudu na bakin teku, inda samarinmu ke tahiya biɗa, wato ci-rani, in an ɗauke amfanin gona. Kwatano, Lome, Ankara, Abijan, babu wadda ban siffanta kasuwarta ba a fada, majalisar hirarmu, ina kurɓar shayin mutane. To gaskiyar magana iyakata Malambil, garin da ke ƙetaren gadar Gaya. Ina saurayi na hau kamiyon albasa, babbar motar kaya, na ƙetare kogi, na ci sakwara da wata miya mai jan mai, cikina ya ɓaci kwana huɗu, na ce wagga ƙasa ba ta karɓe ni ba. Na juyo. Kunyar komowa gida da wuri ta sa na maƙale a tashar Doso wata biyar ina dako. Can na tsinci labaran Kurmi a bakin direbobi, na haɗa su da rediyo guda da baƙin tabarau, na komo gida cikakken ɗan biɗa.

Da a nan ƙaryar ta tsaya da sauƙi. Amma wanda bai ga wuri ba, in zai siffanta shi da garinsu yake aunawa. Sai na mai da Kurmi gari guda. Na ce Kwatano da Lome kamar Konni da Tsarnawa ne, ka ci tuwo nan ka wanke hannu can. Na ce Ankara da Abijan unguwanni ne, hanyar mota ce kawai ta raba su. Na ce duk Bahaushen da ke Kurmi zango guda yake kwana, masallaci guda yake Juma'a, in kana neman mutum ka tsaya bakin ƙofa bayan an sallame, da kansa zai fito ya take maka ƙafa. Tsofaffin mata sunka ji daɗin wanga labari, don ya jawo musu ɗiyansu kusa. Waɗanda sunka je da gaske kuwa, ba mai ƙaryata mai furfura a bainar jama'a. Sai su yi murmushi su ce, "Haka ne, Baba, sai dai an ɗan ƙara gine-gine."

Mutum guda ne bai taɓa yin wanga murmushi ba, mijin yayata. Mushe muke ce masa, yadda ake kiran malami da Faransanci, don malamin lakwal ne, makarantar boko, har ya yi ritaya. Al'ada ta ba ni izinin in yi wa mijin yayata wasa, in kira shi ɓarawon ɗiyar mutane, shi kuma ya yi dariya. Namu wasan ya yi tsami tun da wuri. Shekarar da ya auri Yaya shi ya kama ni da kunne ya kai ni lakwal, shi ne kuma ya rataya mini ƙashin jaki a wuya gaban aji don na yi Hausa. Aji biyu na yi na tsere. Wanga rubutu da kuke gani na karatun manya ne, da furfura na koye shi, kuma ba a hannunsa ba, alhamdu lillahi.

Da ya bar aiki sai ya taho gida da taswirar aji, wata tsohuwar takarda mai bayan ƙyalle, duk ta kakkarye a ninki. Rannan ina tsakiyar ba da labarin yadda na yi azahar a Lome na yi la'asar a Abijan, sai ga shi da ita a hammata. Ya shimfiɗa ta kan tabarma, ya danne gefenta da takalmansa da butar shayi.

"Ku matso ku gani," in ji shi, kamar muna aji. "Wanga duka shi ake kira Afirka ta Yamma. Daga tekun Senegal can yamma har tabkin Cadi nan gabas, daga hamada a sama har teku a ƙasa. Ƙasa goma sha biyar ko sha shida, gwargwadon mai ƙirga. Ga Mosawa nan, ga Bambarawa, ga Yarabawa, ga Tonawa masu goro, Fulani kuwa sun shiga ko'ina kamar gishiri a miya. Harsuna ɗari bisa ɗari. Nijeriyar da ke bayan katangarku kaɗai, mutanenta sun kai na sauran in an haɗa. Shi ne wanga maƙaryaci ke ce muku gari guda ne."

Na leƙa takardar. Na ce, "Mushe, ina Tsarnawa a nan?"

Ya ce ba ta ciki, ta yi ƙanƙanta.

"Alela fa?"

"Ba ta ciki."

"To Malbaza, inda ka dasa gindinka yanzu?"

Ya sunkuya yana laluben takardar da yatsa.

Na ce, "Jama'a, takardar da ba ta san Malbaza ba ita za ta san Abijan? Ƙasar da ake ninkewa a sa a hammata, ina girmanta?"

Fada ta kwashe da dariya, har mai shayi ya ɓarar da kumfa. Mushe ya naɗe takardarsa. Ya ce, "Jakin da na sani ne, furfura kawai ya ƙara." Na ce, "Jakin dai ya ga teku, mai jakin bai wuce Yamai ba." Kwana uku na yi ina lasar wagga nasara.

Cikin masu dariyar har da ɗansa. Ɗa guda Allah ya ba su, shi ma sai da Yaya ta yi shekara goma sha biyar tana jira. Magidanci ne a lokacin, da matarsa, yana noman albasa a fadama yana gyaran babura. Shi da uban ba sa shan inuwa guda. Ya ƙi karatu kamar kawunsa, Mushe ya ɗora laifin a kaina, kuma ba duka ya yi ƙarya ba. Shekarar da tsutsa ta cinye masa albasa ya zo ya iske ni ya ce, "Kawu, zan tahi Kurmi." Na ce tahi, ai jifa guda ne, in kewa ta kama ka sai ka hau mota ka zo ka sha furar uwarka ka koma. Shekara biyu yana kira a salula. Sannan lambar ta mutu. Damina uku babu labari. Matarsa ta gaji da jira, ta koma gidan iyayenta a Illela.

Yaya ba ta taɓa tambaya ba. Ɗan fari ne, ita kuwa mai tsohuwar tarbiyya ce: ba ta kama sunansa, ba ta dubansa ido da ido gaban mutane, in anka ɗauko maganarsa sai ta tashi ta duba tukunya. Damina uku ta haɗiye. Sannan ƙafafunta sunka kumbura, numfashi ya fara yi mata wuya, likita ya ce zuciya ce. Wata safiya ta aiko a kira ni. Na iske ta kishingiɗe a ɗaki, Mushe na zaune bakin ƙofa kan kujerarsa ta roba.

"Auta," ta ce, "kai ka san Kurmi."

Na ce na sani, Yaya.

"Ka tahi ka zo mini da yaron mutanen nan. Ina so in gan shi tun idona na buɗe."

Duk wanda ya san kunyar ɗan fari ya san abin da ya sa ta buɗa baki. Ni ma na sani. Nan ne ya kamata in durƙusa in ce Yaya, iyakata Malambil. Har na buɗa baki, sai Mushe ya riga ni.

"Gaya mata gaskiya," ya ce, bai ko dube ni ba. "Yau ɗaya tak a duniyarka. Gaya mata ko ƙofar wurin ba ka sani ba."

Da ya yi shiru da na faɗi. Wallahi da na faɗi. Amma in faɗi don shi ya ce in faɗi? Na juya na ce, "Yaya, kwana goma. Biyar tahiya, biyar komowa, ga shi a gefena."

Mushe ya yi tsaki, ya shiga ɗakinsa, ya fito da ƴar takarda mai lambobi biyu. Ya ce, "Ta sama ta Gana ce. Ta ƙasa ta Kodebuwa, ƙasar su Abijan, da ita ya yi kiran ƙarshe. Tsakaninsu tahiyar kwanaki ce. Riƙe. In ba ka iya karantawa ka ba wani mai hankali ya karanta maka." Na karɓa, na juya ta ƙasa a sama da gangan, na dudduba, na ajiye masa kan gwiwa. Na ce ɗan gari ba ya yawo da takarda.

A wajenmu mai tahiya Kurmi ba ya tahiya hannu sake. Da an ji, sai saƙo. Kafin azahar ta washegari ƙofar gidana ta cika da mata. Wagga ta kawo ƙullin kilishi, ɗanta na Legas. Waccan dakkuwa, nata na Kumasi. Maƙwabciyata ta kawo daddawa, nata na Ankara. Wata tsohuwa ta kawo laya ɗinke da jar fata, ɗanta na Abijan, ta ce in ɗaura masa a damtse da hannuna. Har Bafulatanar da ke kawo mana nono ta zo da kwalbar man shanu, ta ce wanta ya bi shanu kudu shekara shida, in na ga mai farin bijimi da karyayyen ƙaho, shi ne. Babu wadda ta ba ni kwatance. Mi za su yi da kwatance? Ni na koya musu zango guda ne, masallaci guda. Saƙo goma sha ɗaya na zuba a buhu, ina ce wa kowace, "An gama, Inna, ki sa a ranki ya karɓa."

Mushe ya zo wucewa, ya dubi buhun, ya dubi matan. "Ku karɓe abinku," ya ce musu. "Shi zai cinye." Sunka raka shi da tsaki. Wata ta ce mutumin da bai iya riƙe ɗansa ba ne zai koya wa mutane aike. Na ji daɗin wagga magana, Allah ya gafarta mini.

A Tsarnawa na sami kamiyon albasa mai zuwa Kwatano, lokacin gadar Gaya na buɗe. Direban ya ga furfura ya sa ni gaba. Ya tambaya ko na taɓa zuwa, na ce tun ba a haife shi ba. Har Malambil ni ke ba shi labarin hanya. Muna wuce ta bakina ya mutu. Na zaci da la'asar za mu ga teku. La'asar ta yi, ta gobe ta yi, ta jibi ta yi, muna cikin ƙasa guda ba mu fita ba. Gero ya ƙare, dawa ta ƙare, sai auduga, sai doya, sai itatuwan da ban san sunansu ba sunka rufe sama. Hausa ma ta dinga ja baya kamar ruwan randa. A Kandi ana jin ka, a Faraku sai ka nemi mai jin ka, gaba da nan in ka yi magana sai a dube ka kamar ka yi atishawa. Direban yana nuna mini da haɓa: waɗanga Dandawa ne, waɗanga Bargawa, nan gaba Yarabawa amma ba irin na Legas ba, can kuma wasu ne da ko shi bai riƙe sunansu ba. Kowa da tsagarsa, da ɗaurin zanensa, da abin da yake ci. Ni ina gyaɗa kai ina cewa, "Haka na bar su."

Abin da ya fi tsorata ni yawan mutane. A wajenmu in ka bar gari sai ka ratsa gonaki da daji kafin ka ga wani, idonka ya huta. Can kusa da teku gari na manne da gari, ba ka san inda wanga ya ƙare wancan ya fara ba. Rumfa, rumfa, coci, masallaci, rumfa, babura kamar fara ta sauka. Na ce a raina, ina anka samo uwayen da sunka haifi waɗanga duka?

Kwana na huɗu munka shiga Kwatano. Na sauka wajen ƴan albasa, buhun saƙo a ka, na tari wani mai hula irin tamu na ce, "Ɗan'uwa, ina zangon Hausawa?"

"Wanne?"

"Zango dai. Inda kuke kwana."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Baba, daga ina anka sako ka?"

Ya kai ni wajen maigidan ƴan albasa, wani Ba'adare mai ƙaton ciki wanda baƙi ke sauka hannunsa. Na ce ina neman ɗan Mushe na Malbaza, dogo, mai gyaran babura, da tabo a goshi. Ya ce wace ƙasa yake? Na ce nan Kurmi. Mutanen rumfar sunka fara taɓa juna. Ya ce mi ke cikin buhun, na ce saƙon gida. Ya ce in kwance. Ya dinga ɗaga ƙulli ɗaya ɗaya yana tambayar na wa ne, ina faɗi, yana ajiyewa a ƙasa. Na Legas ya kai can hannun gabas, ya ce iyaka guda, kuma garin kaɗai sai ka shekara kana yawo ba ka gama unguwanninsa ba. Na Ankara ya taka zuwa yamma har bakin rumfa, ya ce iyaka biyu. Na Kumasi ya ƙara gaba ya karkata arewa. Layar Abijan ya miƙa wa wani ya ce ya kai ta bayan waccan motar, iyaka uku. Kwalbar man shanu ya riƙe yana jujjuyawa, ya ce, "Wagga kuwa sai dai ka bi kashin shanu."

Na tsaya ina kallon ƙullin mutane warwatse a ƙasa, sai na ga taswirar Mushe ce sak, takardar ce kawai babu. Ban taɓa tsanar mutum kamar yadda na tsane shi a wanga lokaci ba, yana can Malbaza kan kujerar roba bai ma san ya kayar da ni ba.

"Wane marar tsoron Allah ya gaya wa tsofaffin nan wuri guda ne?" in ji maigidan.

Na ce, "Wani maƙaryaci ne a garinmu."

Ya ce Allah ya shirye shi. Na ce amin.

Ba zan ce ban yi ƙoƙari ba. Maigidan ya haɗa ni da wata motar albasa zuwa Lome, daga Lome na sami wata zuwa Ankara. Kowace iyaka da kakin jami'anta da harshen Turawanta, nan Faransanci, taki goma gaba Ingilishi, ni kuwa ba ko ɗaya. Na ga tekun da na daɗe ina siffantawa. A fada na ce musu shuɗi ne, kwance lumui kamar tabki. Ashe toka-toka ne, yana ta ruri kamar an zagi uwarsa. Iskarsa ta shiga buhuna. Kilishi ya fitar da farin gashi. Dakkuwa ta fara tsami, na cinye ta don kada a yi asara, kilishin ma na kankare na bi da shi. Mushe ya ce ni zan cinye, to na cinye. Man shanu ya narke ya tsiyaye cikin daddawa.

Saƙo guda na isar. A kasuwar albasa ta Ankara, bayan kwana shida ina bin rumfuna ina tambaya, na faɗa kan ɗan maƙwabciyata mai daddawa, shi ma magidanci da gemu. Ya karɓi ƙullin, duk ya jiƙe da mai, ya sunsuna, idonsa ya cika da hawaye. Shi ya san ɗan Yaya. Ya ce sun zauna ɗaki guda wata takwas, sannan ya tahi yamma wajen masu haƙar zinariya, daga can anka ce ya ƙetara Kodebuwa gonakin koko. Na ce wane gari? Ya ce, "Baba, gonakin koko ba gari ba ne. Daji ne, da Mosawa da Bambarawa da namu, kowa a bukkarsa. In babu lamba, ko uwarsa ba ta gano shi."

Rannan kwanana goma sha tara da barin gida. Ya ara mini salularsa. Lambar Mushe a kaina take, don na sha kiransa in tsokane shi in kashe.

"Wa ke magana?"

"Ni ne."

"Wane ni? Ɗan gari?"

Na haɗiye gatsen. Na ce ina son lambar nan ta Kodebuwa.

Na ji yana buɗe takarda. Sannan ya fara karantowa ɗaya ɗaya da Faransanci, yadda yake yi wa ƴan aji shifta, sai da na roƙe shi ya faɗa da Hausa. Ya faɗa. Ya ce, "Kwana gomanka sun cika tun wancan mako. Kullum sai ta sa an share masa ɗaki." Ya kashe.

Kwana biyu muna kiran lambar. Wata mata ke amsawa da Faransanci, kullum magana guda. Mai salular ya ce ba mutum ba ce, na'ura ce ke cewa babu mai wagga lamba. Na zauna kan buhun albasa na dubi yamma. Iyaka guda ta rage, sai dajin da ba shi da ƙofa. Ƙafafuna sun kumbura, tari ya kama ni, zan iya cewa ciwo ya komo da ni. Tsoro ne. Na ga girman wurin, na ga ko ƙwayar gero a rumbu ta fi ni samuwa. Na bar wa mai salular layar ko Allah zai sa ya ji mai zuwa Abijan, sauran ƙullin na raba wa ƴan rumfa, na hau motar da ta sauke kaya za ta koma arewa.

Kwana talatin da ɗaya na yi. Na sauka a Malbaza da hantsi, na bi ta bayan gari don kada matan saƙo su gan ni. Sun gan ni daga baya, kuma na sha baki. Bafulatanar har yau ba ta tsayawa ƙofata da nono. Amma rannan gidan Yaya na nufa.

Mushe na zaure. Ya tsufa cikin wata guda. Ya dubi bayana, ya ga ba kowa. Bai ce sannu da hanya ba.

"Ka gan shi?"

"A'a."

"Ka ji inda yake?"

Na faɗa masa abin da na ji. Na jira ya kira ni jaki, ya tara mini mutane, har na shirya amsa tun daga Doso. Sai ya tashi ya tare ƙofar shiga gida da jikinsa.

"Saurara, kai. Shekara arba'in kana zuba ƙarya a fada don a ba ka shayin farko. Ƙaryarka ta ɗauke mini ɗa. Yanzu za ka shiga ka yi wadda za ta yi amfani. Ka gan shi. Yana lafiya, ya yi ƙiba. Maigidansa ya riƙe shi sai an gama aikin gona, da kaka zai zo. Ni in na faɗa ba za ta yarda ba, ban iya ba. Kai sana'arka ce."

Na ce, "Ashe Mushe ma na son ƙarya."

"Ba na son ta. Kai ma ba na son ka. Shiga."

Yaya ta rame, fuskar ce kawai ta kumbura. An jingina ta da matasai don ba ta iya kwanciya. Ta dubi ƙofar da ke bayana kafin ta dube ni. Na zauna na fara. Ban taɓa ƙarya mai kyau irin ta rannan ba. Na gina masa ɗaki mai kwano, na saya masa babur, na ba shi maigida Bamoshe mai kirki mai salla. Na ce salularsa ta faɗa kogi, wurin kuma ba ya kama layi. Na ce ya tambayi jikinta, ya yi hawaye, ya ce a gaya mata da kaka in Allah ya yarda. Ta tambaya ko yana cin abinci, na ce har tumbi ya ajiye. Ta tambaya ko akwai nisa. Na buɗa baki in yi irin wadda na saba, maganar ta ƙi fita. Na ce, "Da ɗan nisa, Yaya."

Mushe na tsaye bakin ƙofa, ya ba mu baya.

Ba ta kai kaka ba. Gero na fitar da kai munka kai ta. Ɗan har yau babu labari. Ni da Mushe muna haɗuwa a masallaci, in an sallame kowa ya ɗauki takalminsa. Ko ta yarda da abin da na faɗa mata rannan ko ba ta yarda ba, ban sani ba. Abin da na sani, da na gama ta daɗe tana kallona tana jan numfashi, sannan ta kama hannun rigata ta faɗi maganar da ban amsa ba, kuma har yau ban amsa ba.

"To madalla, Auta. Tunda yanzu ka san ƙofarsa, in ta Allah ta kasance kada a aiki bare. Kai za ka koma ka gaya masa da bakinka."